Sharhi kan Ragar Inuwa Bayan Bazara Guda a Lambun Tsakar Gida

Ragar inuwa da nake magana a kai ita ce koriyar nan ta roba wadda masu sayar da kayan noma suke aunawa da mita, kuma ana rubuta mata adadin hasken rana da take tarewa, daga kashi 30 cikin 100 har zuwa kashi 90. Na sayi mai kashi 50 a ƙarshen watan Fabrairu, na kafa ta a kan wani ɓangare na ɗan lambun da nake da shi a tsakar gidanmu a Kano, na kuma bar ta har ruwan damina ya sauka. Lambun bai wuce faɗin ɗaki guda ba, kuma duk abin da ke cikinsa a tukwanen ƙasa da tsofaffin buhunan shinkafa yake, domin daɓen siminti ne a ƙasa. Ra'ayina shi ne ragar ta biya kuɗinta, amma sai ga wanda ya san abin da zai sa a ƙarƙashinta da abin da zai bari a rana.

Duk wanda ya taɓa shuka a Kano ya san yadda Maris da Afrilu suke. Zafi yakan kai digiri 40 ko ya zarce, iska busasshiya ce, kuma a gida mai katanga da siminti abin ya fi na gona tsanani, saboda bango da daɓe suna shan rana tun hantsi, sannan su riƙa mayar da zafin har cikin dare. A shekarun baya, kafin azahar ganyen tattasai ya langaɓe ko da an ba shi ruwa da asuba, ƙasar cikin buhu kuma takan bushe ta ja baya daga gefe, ta yadda in an zuba ruwa sai ya bi ta tsagar ya zube ƙasa ba tare da ya jiƙa saiwa ba. Wannan ne abu na farko da ragar ta gyara, kuma shi ne babban dalilin da zan sake amfani da ita. A ƙarƙashinta ban-ruwa sau ɗaya da sassafe ya wadatar da yawancin tukwanen, in har na rufe saman ƙasar da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, alhali waɗanda ke waje sai an ba su safe da yamma. Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, a lokacin da rijiyoyi suka ja baya kuma kuɗin jarka ya tashi, wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne.

Na'a-na'a ce ta fi kowa cin moriyar inuwar. Ita da takan ƙone tun daga bakin ganye da zarar hunturu ya wuce, sai ga ta tana fitar da sababbin rassa a tsakiyar Afrilu, ganyenta faffaɗa, ƙamshinsa yana nan a shayi. Tattasai da attaruhu ma sun riƙe ganyensu, kuma 'ya'yan da suka yi ba su samu wannan farin tabo mai laushi da rana take ƙona musu a gefe guda ba. Salak kuwa ya ɗan daɗe fiye da yadda ya saba, amma daga ƙarshe ya miƙe ya yi tsayi, ya fara fure, ganyen ya yi ɗaci, domin shi zafin iska ne yake tunzura shi, kuma raga ba ta mayar da bazara hunturu.

A kan tumatir ne nake so mai karatu ya yi hattara, saboda mafi yawan masu sayen ragar don shi suke saye. Tumatirina ya yi kore shar a ƙarƙashinta, ya yi fure da yawa, amma furen ya riƙa zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Dalilin sananne ne: idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, ƙurar furen tumatir takan lalace, sai barbara ta gagara. Ragar tana rage dukan rana a kan ganye, amma ba ta da iko da zafin dare, wanda a tsakar gida mai siminti shi ne ya fi ɓarna. Ba banza ba ne manoman rani na Kadawa da Kura suke shuka tumatir da sanyi su girbe shi kafin zafi ya kankama, kuma shi ya sa yake tsada a kasuwa daga nan har cikin damina. Haka nan ramukan ragar manya ne, ba su hana ƙwari shiga, don haka kada a ɗauka za ta kare shuka daga farin ƙuda ko daga tsutsar Tuta absoluta da ta yi wa manoman tumatir na Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Ƙadangaru ma suna shiga ta gefe su cinye ƙananan tsiro yadda suka saba.

Kuɓewa, alayyahu, rama da yakuwa ba sa bukatarta. Na gwada buhun alayyahu a ciki da wani a waje, na waje ya fi kauri da saurin girma muddin ruwa bai yanke masa ba, na ciki kuwa ya yi siriri yana miƙa wuya wajen haske.

Wajen furanni da tsirrai masu ajiye ruwa a jikinsu, abin ya rabu biyu. Alobera, wadda ganyenta yakan koma ja-ja ya motse idan rana ta yi mata yawa, ta dawo koriya ta cika fam bayan na matsar da ita bakin ragar, inda take samun hasken safe ta tsira daga na yamma. Ƙananan tsirran adon nan masu kaurin ganye da ake sayarwa a bakin titi, waɗanda wasunsu asalinsu daga tsaunukan Meksiko ne, su ma sun daina ƙonewa, sai dai dole a rage musu ruwa sosai, domin a inuwa ƙasarsu ba ta saurin bushewa kuma saiwarsu tana ruɓewa da wuri. Furen wardi ya daina bushewa tun yana toho. Ita kuwa bishiyar kariya 'yar ƙasar nan ce, ta saba da ranar Sahel, kuma a fili take yin jan furenta mai kyau, saboda haka ban kusantar da ita ga ragar ba. Masu ƙananan yara su lura cewa ruwan jikinta guba ne.

Ragar tana da nata aibi. Ba a sayar mini da ita da ƙarfafaffen baki ko ramukan ɗauri ba, sai da na kai wa tela ya naɗe gefen a kan igiya, in ba haka ba inda aka ɗaure ne take fara yagewa. Tana tara ƙura har ta ƙara duhu, sai an riƙa kakkaɓe ta. Dole kuma a ɗaga ta a kan gora sama da tsayin mutum, a bar gefuna a buɗe, domin idan ta yi ƙasa tana kulle iska, zafi ya taru a ciki. Iskar hadarin farko a watan Mayu ta tsinka mini kusurwa guda ta karya gora, don haka gara a kwance ta da zarar an ga hadari ya fara haɗowa akai-akai.

Wanda zai saya ya tambaya ko robar tana jure hasken rana ba tare da ta lalace ba, ya zaɓi saƙaƙƙiya wadda ba ta warwarewa idan an yanka, kuma kada ya wuce mai kashi 50 don kayan miya, saboda mai kashi 75 ko 90 ta fi dacewa da rumfar mota ko wurin renon tsiro. Tawa na wanke ta na naɗe na ajiye a ɗaki, launinta ya ɗan koɗe amma zarenta bai yi rauni ba, kuma a Maris mai zuwa zan kafa ta a ɓangaren yamma kawai, a kan na'a-na'a da tattasai da alobera.