PCB guda goma kawai: Chaina, Amurka ko a yi a gida?

Ƙanina na Aboabo, ka ce ka haɗa sakit ɗin cajin batirin sola a kan Veroboard, bod ɗin gwaji mai ramuka, yana aiki, yanzu kana son PCB, wato bod mai kyau da aka buga layukan sakit a jikinsa, kamar guda goma ka gwada sayarwa, ina ya fi araha. Abu ɗaya ne ba ka faɗa mana ba, girman bod ɗin, kuma wallahi nan maganar take. Duk ukun na taɓa, bari in faɗa maka yadda na gani.

Na Chaina dai su ne kowa ke ambata, kamfanonin JLCPCB da PCBWay. JLCPCB suna tallata guda 5 a dala 2, PCBWay kuma dala 5, in dai bod mai fuska biyu ne kuma bai wuce milimita 100 kowane gefe ba. Ka tura musu fayil ɗin Gerber, wato zanen bod ɗin da injinsu ke karantawa, da na ramuka, kwana biyu zuwa uku sun gama bugawa, aiki tsaf, koren shafi da farin rubutu, ramukan an zuba musu jan ƙarfe sama da ƙasa sun haɗu. To amma kar dala biyun nan ta ruɗe ka, kuɗin jirgi shi ne ainihin kuɗin, in ka zaɓi DHL kamar mako guda kaya sun iso amma abin da za ka biya ya ninka na bod ɗin sau da yawa, ga kuma maganar kwastan in kaya sun sauka, sannan da katin banki ake biya a dala, kai ma ka san yadda sidi take da dala. In ka zaɓi fos ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai ka sa haƙuri, wata guda ba abin mamaki ba ne. Abin da muke yi shi ne mu huɗu ko biyar kowa ya kawo zanensa, oda ɗaya, kwali ɗaya, a raba kuɗin jirgi, kowa ya turo nashi ta MoMo wa mai katin. Kuma ka duba kalanda, in sabuwar shekarar Chaina ta zo a Janairu ko Fabrairu komai nasu jinkiri yake yi.

OSH Park kuma na Amurka ne, lissafinsu daban. Dala 5 kowane inci ɗaya murabba'i, su ba ka kwafi 3, kuma aikowa ta fos kyauta. Bod ɗinsu launin shunayya ne, wuraren liƙa dalma ruwan zinare ne a daidaice, wanda a Chaina sai ka ƙara kuɗi kafin a yi maka. Yanzu yi lissafi da kanka. Ɗan ƙaramin bod mai milimita 25 kowane gefe kusan inci ɗaya ne, dala 5 ke nan ka samu uku an gama magana, babu mai kayar da su a nan. Mai milimita 50 ya kai wajen dala 19. Mai milimita 100 kuwa inci 15 da rabi ne, dala 77 da wani abu a kan bod uku kacal! Ga shi uku-uku suke bayarwa, goman da kake so sai ya zama 12. Suna kuma jiran su tara zanen mutane da yawa a faranti ɗaya kafin a buga, don haka ba na mai gaggawa ba ne.

Sai na gida. Ka sayi bod mai jan ƙarfe da ferik kulorayid wajen masu kayan lantarki a Adum cikin Kumasi, mutanen Ankara kuma su leƙa Zongo Lane, ka buga zanen da firintar leza a takarda mai sheƙi, ka kifa ka danne da dutsen guga, ka jiƙa takardar ta saɓule, sai ka tsoma a ruwan maganin ya cinye sauran jan ƙarfen. A roba fa, ba kwanon ƙarfe ba, kuma kar ka zubar a kwata. Rana ɗaya ka gama, in dumsor bai ɗauke wuta kana tsakiyar guga ba. Karon farko da na yi na manta ban juya zanen ba, gurbin IC, ƙwayar nan mai ƙafafu da yawa, ya fito a baibai, ga ruwan ya fallatsar mini a farar jallabiya, tabon nan ruwan ƙasa har yau yana nan, hajiyarmu ta mayar da ita tsumman goge ƙasa. Don gwaji guda ɗaya yana da daɗi. Amma goma? Ka huda ramuka ɗari-ɗari da bakin diril na milimita 0.8 da ke karyewa in ka ɗan karkata hannu, ba shafin kariya, jan ƙarfen ya fara dafewa da damina. Wanda zai ba ka kuɗinsa in ya buɗe ya ga haka sai ya ce aikin yara ne.

Caja mai rile (makunnin da lantarki ke kunnawa da kashewa) da tasha-tashan ɗaure waya na san ba ƙarama ba ce, don haka ni a ganina Chaina za ka nufa, ka nemi abokan raba jirgi, ɗaliban jami'ar KNUST ba sa rasa mai shirin oda. Ka zana a manhajar KiCad ko EasyEDA, duk kyauta ne, ka bar kauri a milimita 1.6 da launin kore kamar yadda suka sa, canje-canjen nan ne ke ƙara kuɗi ko kwana.

Kafin ka biya ko pesuwa ɗaya, buga zanen a takarda daidai girmansa, ka ɗora a kan soso, ka soka ƙafafun kayan da ke hannunka ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa jiran bod sama da wata guda, da suka zo ƙafafun rilen da na saya ba su shiga ramin ba, laifina ne, na ɗauko zanen wani rile daban. Biyar ɗin suna nan cikin gwangwanin Milo. Auna naka da rula ka turo min tsawo da faɗi, ranar Asabar za mu haɗa oda, akwai gurbin mutum ɗaya.