Kwandon shara mai taya na lita 240: yana da kyau, in dai ba a maishe shi jaki ba

A unguwannin gefen gari inda motar kwashe shara ke bin gida-gida, kwandon roba mai murfi da tayoyi biyu ya kori tsohon durom da tulin buhuna a bakin ƙofa. Wani wuri hukuma ce ke raba shi, wani wurin mai gida ne ke saya da kuɗinsa. Masu inganci ana ƙera su ne bisa ƙa'idar Turai mai lamba EN 840, wadda ta tsara girma da siffar baki domin kowace mota mai injin ɗagawa ta iya kama shi. Akwai na lita 120, da 240, da 360, sai manya masu tayoyi huɗu na lita 660 da 1100 da ake ajiye wa gidajen bene da shaguna. Na 240 ne ya fi yawa a gidaje, kuma shi muka sa a gaba.

Tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, faɗinsa kusan santimita 58. A auna ƙofar da zai riƙa bi kafin a saya, don akwai ƙananan ƙofofin gefe da ba ya shiga.

Abin da ya fi kashe wannan kwandon shi ne nauyi, kuma nan ne masu gida suka fi yin kuskure. Lissafin ƙa'idar shi ne kilo 0.4 ga kowace lita, wato na 240 zai ɗauki kilo 96, na 120 kuma kilo 48. Sharar gida ta yau da kullum, leda da kwali da ragowar abinci, ba ta kaiwa nan ko an cika shi. Amma yashi ko ɓaraguzan gini lita ɗaya na kai kilo ɗaya da rabi, don haka rabin kwando kawai ya kusa kilo 180. Injin motar yana da haƙora irin na mataji da ke shiga ƙarƙashin leɓen gaba na bakin kwandon su ɗaga shi sama su kifar, saboda haka duk nauyin a kan wannan leɓen yake rataye. In ya yi yawa, leɓen ya tsage, ko kwandon ya suɓuce ya faɗa cikin motar. Shi ya sa ma'aikata ke jijjiga shi tukuna, in suka ji ya yi dutse su wuce su bar shi, kuma gaskiyarsu ce. Hukumomi da yawa ma suna sa iyakar da ba ta kai kilo 96 ba.

Saboda haka leɓen gaba shi ne wurin farko da mai saye zai duba. A sa hannu a ƙarƙashinsa: na kirki yana da kauri da haƙarƙarin ƙarfafawa a jere, na banza kuwa siriri ne, yana lanƙwashewa da matsin yatsa. Sai robar kanta. Ana yin su da roba mai suna HDPE, wadda aka gauraya da sinadarin kariya daga hasken rana. Wanda aka yi wa rowar sinadarin yakan koɗe, ya fara fitar da farin gari a hannu, daga nan ya tsage ta kusurwa. A nemi lambar ƙa'idar da yawan litar da shekarar ƙira a jikin robar, waɗanda aka zuba tare da ita, ba takardar da aka liƙa ba. Tayoyin su zama na roba tsantsa masu tsayin santimita 20, ƙarfen da ya haɗa su kuma ya zama wanda aka yi wa rufin hana tsatsa. 'Yan ƙusoshin robar da ke riƙe murfi su ne ke fara karyewa, amma ana cire su a sa wasu, ba dalilin jefar da kwando ba ne.

Wajen hana ɓera da kare da iska watsa shara, ya ci maki cikakke, muddin murfin ya rufe ruf. Wajen wari kuwa, kwandon ba shi da dabara, ranar zuwan mota ce ke yanke hukunci. A lokacin zafi ƙwan ƙuda na ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 tsutsar ta zama ƙuda. Inda ake kwashewa mako-mako ana shan gabanta, inda sai bayan mako biyu kuwa dole mai gida ya tashi tsaye: a tsane ruwan ragowar abinci, a ɗaure shi a leda, a shimfiɗa kwali a gindin kwandon ya tsotse danshi, a ajiye shi a inuwa. Bayan an kwashe, a wanke da ruwa da sabulu, a kifa shi ya bushe. Mai son sa bilic ya sa shi kaɗai, kada ya haɗa da wani maganin wanke banɗaki, haɗin na fitar da iska mai guba. Wasu na huda gindin don ruwa ya fita, amma wannan ruwan a ƙofar gida zai tsaya, kuma in kwandon na hukuma ne an ɓata kayan da ba naka ba.

Dokokin sun bambanta daga gari zuwa gari, sai dai akwai waɗanda kusan ko'ina ake samu. A fitar da kwandon daren jajibiri ko da sassafe, a mayar da shi ciki ranar da aka kwashe, kada ya tare wa masu tafiya hanya. Inda motar ke da hannun inji mai kamawa daga gefe, a bar tazara tsakaninsa da bango ko motar da aka faka, mariƙinsa na kallon gida. Akwai kuma abubuwan da ba a zubawa a ciki: toka mai zafi na narka robar. Batirin waya da na kwamfuta ya fi haɗari, domin injin da ke matse shara a cikin motar na fasa shi ya kama da wuta. Fenti, baƙin mai, tukunyar gas da allurar asibiti duk suna da nasu wurin karɓa, katifa da tsohuwar kujera kuma a tambayi ofis ranar kwashe manyan kaya. Kwandon da hukuma ta bayar yawanci na gidan ne, ba ya bin mai haya in ya tashi, kuma rubuta lambar gida a jikinsa na rage rigima da maƙwabta.

Ga iyali mai mutum huɗu zuwa shida da ake kwashe wa duk mako, na lita 240 ya wadatar. Mutum ɗaya ko biyu su ɗauki na 120, don babban kwando da ba ya cika na sa a yi sakaci da fitar da shi har ya yi wari. Inda kuma motar ba ta da injin ɗagawa, da hannu ake juyewa, na 240 wahala ce kawai ga ma'aikata, gara ƙanana biyu da mutum biyu za su iya cicciɓa.