Sandar kan shoka ko tayoyi da shoka: wanne zai zaunar da Corolla a kwana?

Malam, ka ce Corollarka ƙirar 2015 ce, da ita kake zirga-zirga da iyali tsakanin Jidda da Makka, wani lokaci ku hau Ɗa'if ta hanyar Hada. Ka ce in ka shiga kwana-kwanar dutsen nan motar tana kwantawa gefe guda, sitiyari kuma kamar yana iyo a hannunka. A Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, an nuna maka sandar ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bonet, daga kan shokar dama zuwa kan ta hagu, an ce ita ce maganin. Kana tambaya ko ka saye ta, ko ka zuba kuɗin a tayoyi da shoka.

Ciwon da ka kwatanta ba wannan sanda ke warkar da shi ba. Bari mu jera su gefe da gefe ka ga aikin kowanne.

Gaban Corollarka yana kan tsarin da ake kira MacPherson, inda shoka da sifirin suke haɗe wuri ɗaya, samansu kuma yana ɗaure da noti uku a kan wani tudu na bodin mota. Idan ka karya kwana, ƙarfin da titi yake tura taya da shi yana rabuwa biyu: mafi yawansa yana bi ta hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota daga ƙasa, saura ya haura zuwa tudun nan. In tudun ya ɗan motsa, tsayuwar taya a kan titi takan ɗan sauya. Aikin sandar shi ne ta haɗe tudun biyu don kada kowanne ya yi ta kansa. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta taɓa sifirin, ba ta taɓa shoka, ba ta ƙara wa taya kamun ƙasa kai tsaye.

To wane irin motsi tudun yake yi? A motar zamani mai lafiyayyen bodi, kaɗan ne ƙwarai, kuma sai an matsa wa motar lamba sosai yake bayyana. Yawancin ƙananan motocin yanzu tudun nasu yana manne kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, bangon nan kuwa da ma yana riƙe da shi. Shi ya sa kamfanoni suke sa sandar tun daga masana'anta a motocin gudu irin su Nissan 350Z, masu faffaɗar taya da sifirin mai tauri, suna barin motar iyali haka nan. A gudun da Sahir, kyamarar kama masu gudu a titi, ta yarje maka, robobin ƙafar motarka da gefen tayarka suna lanƙwasa ninkin ba ninkin abin da ƙarfen bodi yake yi. Wanda ya sa sandar a irin motarka, abin da zai iya ji shi ne sitiyari ya ɗan ƙara kaifi a farkon juyawa, wani ma ba zai ji komai ba.

Kwanciyar nan da ta dame ka kuwa, mai hana ta wata sanda ce daban, wadda mutane da yawa suke rikita ta da ta sama: sitabilaiza. Ita tana ƙarƙashin mota, a lanƙwashe, tana haɗa ƙafar dama da ta hagu ta wasu ƙananan linkoki biyu. Mota na kwantawa sai ta murɗe, murɗewar ce take tayar da ita. Ta sama tana riƙe bodi, ta ƙasa tana riƙe kwanciya. In linki ɗaya ya cinye ko robar da ke riƙe sandar ta tsattsage, za ka ji ƙwas-ƙwas a kan tudun rage gudu, motar kuma ta riƙa jinkirin miƙewa a kwana. Wannan gyara ne mai sauƙin kuɗi, kuma shi ya kamata bakanike ya fara leƙawa.

Wasu za su ce maka ka sauya sitabilaizar da mai kauri. Yi hattara a nan, domin taurinta ba ya tafiya daidai da kaurinta, yana zarce shi nesa. Daga milimita 20 zuwa 22, kauri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, tauri kuwa ya haura da kusan kashi 46. Ka taurara gaba da yawa, mota ta riƙa ƙin bin kwana tana son miƙewa. Ka taurara baya da yawa, bayanta ya riƙa neman wuce gabanta. A gangaren Hada, da yara a kujerar baya, babu wanda kake so a cikin biyun. Bar ta kamfani, gyara robobinta.

Sai shoka, wadda ake kira musa'idat a garejin nan. Iyon da kake ji a sitiyari ya fi kama da nata. Shokar da ta gaji ba ta tare sifirin, sai mota ta riƙa lilo bayan kowane tudu, ta dunguri gaba in an taka birki. Leƙa jikinta da fitila: in ka ga mai ya jiƙe ta ƙura ta manne, ta mutu. Shafa tafin hannu a kan tayar gaba, in ka ji tudu da kwari kamar an ɗiba da cokali, ita ma shaida ce. Masu ƙera shoka sukan ce a duba ta daga kilomita 80,000, motar 2015 mai yawan Jidda da Makka kuwa da wuya ba ta wuce nan ba. Ana sauya su biyu-biyu, dama da hagu tare, a bi da mizani, wato daidaita tsayuwar tayoyi. Ka ɗaura sanda a kan shokar da ta mutu, lilon yana nan yadda yake.

Taya ita ce ta fi su duka. Duba gefenta, a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Zafin ƙasar nan yana busar da roba tun zanen bai cinye ba, don haka tayar da ta kai shekara biyar abar tuhuma ce ko da tana da kyan gani. Zanen da ya sauka zuwa milimita 1.6 ya ƙare. In za ka sayi sabuwa, nemi wadda aka rubuta wa A a wajen jure zafi. Iska kuma ka auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba ta jikin taya ba. Kada ka bari mai banshar, wato mai facin taya, ya sace maka iska da tsakar rana don ya ga ta hau; zafi ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Tayar da iskarta ta gaza, ita kaɗai ta isa ta sa mota kwanciya da iyo gaba ɗaya.

Wa sandar kan shoka take yi wa rana? Tsohuwar mota da bodinta ya saki, motar da ba ta da rufin ƙarfe, da wanda ya riga ya sa sifirin mai tauri yana shiga filin tsere. Masu Hilux da Land Cruiser su manta da ita, bodinsu a kan firam yake, ƙafar gaban yawancinsu kuma hannuwa biyu gare ta, ƙarfin kwana ba ya bi ta kan shoka.

In duk da haka ranka ya biya bayan ka gama waɗancan, zaɓi sanda guda wadda aka yi wa walda da farantanta. Mai gaɓa a kowane gefe takan juya a kan kusoshinta, rabin amfanin ya tafi. A ɗaura ta mota na tsaye kan tayoyinta a shimfiɗaɗɗen wuri. In an ɗaga ta da jak aka kwance notocin, shokar za ta sulluɓe ƙasa. Notoci ukun gefe kaɗai za a kwance, babban na tsakiya ba a taɓa shi, shi ke riƙe da sifirin a matse. Farantin yana cin tsawon kusa, don haka a tabbatar zaren ya ɓullo ta saman noti, a ɗaure da sifanar awo bisa lambar littafin mota. In ramukan ba su hau da kansu ba kada a tilasta, sandar da aka danna da ƙarfi tana jan tudun ta ɓata mizani. A tabbatar ba ta kusanci kan batir ba, ba ta tare murfin man birki ba, an kuma bar wa inji sarari domin yana girgiza a kan kujerunsa. Ɗora ɗan curin ƙullu a samanta ka rufe bonet a hankali. In ka buɗe ka tarar ya baje, sandar tana taɓa bonet, a mayar wa mai shago. Ka kuma sani, ranar da aka bugi motar ta gefe ɗaya, sandar na iya kai bugun zuwa ɗaya tudun, gyaran gefe guda ya zama na biyu.