Sharhi: Fulawar fushiya a tukunya, ta dace da Legas kuwa?

Iri biyu na saya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi: mai fure ninki-ninki da ake ratayewa a kwando, da mai dogon fure siriri, ja mai ɗan ruwan lemo. Hukuncina a taƙaice shi ne, ta farkon asarar kuɗi ce a Legas, ta biyun kuma tana rayuwa, har ta yi fure, in an sama mata wurin da ya dace.

Matsalar ba ta mai sayarwa ba ce, ta yanayi ce. Fushiya tana da jinsi wajen 110, yawancinsu daga tsaunukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda ake da raɓa da sanyin dare. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 24, kuma yawancin irin da aka haɗa aure don ado suna daina fure in zafi ya wuce 27. To a Legas, ko a Yuli da Agusta da gari ya fi sanyi, rana tana kaiwa 28, dare kuma da wuya ya sauka ƙasa da 23. A Fabrairu da Maris kuwa ana wuce 32. Da a Jos ne ko Mambila, da wannan sharhin ya canza.

Mai ninki-ninkin tana zuwa cike da furanni, shi ya sa take jan ido. Amma ƙananan furen da ba su buɗe ba sai su yi ta zubewa, sabon toho ya fito a ƙanƙance, daga nan reshe ya fara baƙi daga gindi. Ba taki ko magani da zai gyara wannan, domin daren garin ba ya ba ta hutu.

Mai dogon furen daga zuriyar Fuchsia triphylla take, wadda Charles Plumier, masanin tsirrai ɗan Faransa, ya gano a tsibirin Hisfaniyola da ke yankin Karibiyan, ya bayyana ta a 1703, ya sa mata sunan Leonhart Fuchs, masanin tsirrai na Jamus. Wannan zuriyar ta fi jure zafi. Sunayen da za ka nema su ne Gartenmeister Bonstedt da Thalia. Da yake masu sayarwa ba su cika sanin suna ba, ka duba da idonka: furen dogo ne kamar bututu, yana fitowa a gungu a ƙarshen reshe, ganyen kore ne mai duhu, bayansa jajaja.

Abu na farko da za a yi bayan saye shi ne raba ta da baƙar leda ko baƙar robar da ta zo a ciki. Baƙin mazubi yana shan rana, saiwa ta dahu a ciki alhali ganye yana inuwa. Tukunyar ƙasa mai faɗin baki santimita 20 zuwa 25, mai huda a gindi, ita ce daidai, domin tana tsatsafo da ruwa tana sanyaya saiwa. Wanda ya fi haka kyau shi ne a saka ta cikin wata tukunya mafi girma, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. A ɗora ta kan bulo ko katako, kada ta zauna kan siminti ko tayil da ya sha rana.

Ƙasar da ta zo da ita ma ban yaba ba: baƙar ƙasa ce mai danƙo, tana riƙe ruwa fiye da kima. Haɗin da ya yi aiki shi ne kashi 2 na garin ɓawon kwakwa, kashi 1 na takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kashi 1 na yashi mai kaushi, da ɗan dakakken gawayi cikin tafin hannu. Ɓawon kwakwar da ake sayarwa a dunƙule kamar bulo yakan zo da gishiri, don haka a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a sake ɗauraye shi kafin amfani. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi.

Wuri: baranda mai kallon gabas, wadda ke samun ranar safe zuwa ƙarfe 9 ko 10, sannan inuwa mai haske har yamma, kuma iska tana ratsawa. Kada a ajiye ta kusa da janareta ko bayan injin AC, inda iska mai zafi ke fita.

Ban ruwa shi ne inda aka fi kashe ta, musamman a gidajen da mai gadi ko mai kula da fulawa ke bi da tiyo safe da yamma yana jiƙa komai bai ɗaya. Da azahar fushiya takan yi yaushi ko da ƙasarta jiƙe take. Ba ƙishi ba ne, zafi ne ya sa saiwa ta kasa jan ruwa. In aka ƙara mata ruwa a lokacin, saiwar ta rasa iska, ta ruɓe. A tsoma yatsa santimita 2 cikin ƙasa. In da danshi, a matsar da tukunyar inuwa, a yayyafa ruwa a daɓen wurin kawai, ba cikin tukunyar ba. Ainihin ban ruwa da sassafe ne, har sai ya fita ta gindi, kuma ba a barin ruwa kwance a faranti. A Yuni da farkon Yuli, lokacin da ruwan sama ke yini yana zuba, a shigar da ita ƙarƙashin rufi. Masu zama wajen Lekki da Ajah, inda ruwan rijiya kan zo da gishiri, gara su tari ruwan sama.

Taki kaɗan-kaɗan take so. NPK 15-15-15 mai tsaba ya yi wa tukunya ƙarfi. Alamar ya yi yawa ita ce bakin ganye ya ƙone. Na narkarwa a ruwa ya fi, rabin ma'aunin da aka rubuta a jikin kwali, duk sati biyu, kuma kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A watannin tsananin zafi a dakata.

Don ta yi reshe da yawa, a tsinke kan toho bayan ganye jeri biyu ko uku. Fure yana biyowa sati 6 zuwa 8 bayan tsinkewar ƙarshe, saboda haka wanda ya tsinke a tsakiyar Mayu zai ga fure a Yuli da Agusta, lokacin da take da ƙarfi.

Ƙwari biyu ne ke damun ta. Farin ƙuda yana ɓuya a bayan ganye, ya bar danƙo da baƙin hayaƙi a kai. Jan gizo-gizo ƙanƙane kuma da hunturu yake zuwa, ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya ya zube. Man dogon yaro cokalin shayi 1 da sabulun ruwa rabin cokali a lita 1, a fesa bayan ganye da yamma, a maimaita duk sati sau uku, domin ƙwan ba ya mutuwa a feshin farko.

Ko da an yi duk wannan, uwar takan gaji a bazara. Shi ya sa a Agusta ake yanko reshe mai taushi santimita 6 zuwa 8 daga ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soka a yashi da ɓawon kwakwa cikin inuwa. Yana yin saiwa cikin sati 3 zuwa 4.

Wa zan ba shawarar ya saya? Mai baranda ta gabas da lokacin duba tukunya kullum, kuma mai dogon furen kaɗai. A fili ko kwamin tsakar gida kada ma a gwada. Wanda fure mai reto kawai yake so a ƙofar gida, ya nemi Clerodendrum thomsoniae, mai yaɗo da fure fari da ja. 'Yar Afirka ta Yamma ce, kuma zafin Legas bai dame ta ba.