Zanzibar, Malesiya ko Maldibs: Inda Kuɗin Matafiyi Ya Fi Yin Amfani

Mutumin da ya tara kuɗinsa domin ya kai iyalinsa hutu bakin teku yakan tsaya ne tsakanin wurare kaɗan, kuma sunayen da aka fi ji a bakin masu shirya tafiye-tafiye su ne Maldibs, Tailan, Malesiya da Zanzibar. Dukkansu ƙasashen zafi ne, sai dai zafinsu ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne, domin zafi ne mai ɗanshi wanda gumi ba ya bushewa a jiki, saboda haka tufafin auduga mara nauyi sun fi shadda mai sitaci amfani.

Maldibs tana da kyau, kuma ƙasar Musulmi ce, amma kwana uku a ɗaya daga otal-otal ɗinta na kan ruwa na iya cinye kuɗin mako biyu a wani wuri, kuma bayan kallon teku babu abin yi da yawa. Tailan tana da arha, sai dai neman abincin halal a wajen unguwannin Musulmi aiki ne. Malesiya ce kaɗai nake ganin ta isa a yi dogon tunani a kanta, domin tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, abin dogaro ne, kuma Kuala Lumpur da tsibirin Langkawi suna da tsari, amma nisan tafiyar da kuɗin jirgi suna gajiyar da mai ƙananan yara tun kafin a isa.

Ni Zanzibar na zaɓa. Tsibirai ne a gaɓar Tanzaniya, manyansu Unguja da Pemba, kuma kusan dukkan mutanensu Musulmi ne, don haka matafiyi ba ya tambayar yadda aka yanka nama, kiran salla kuma yana iske shi a duk inda yake. Daga Kano ana iya bin jirgin Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, daga nan a sauka kai tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 2 kawai. Tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana da lunguna matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa waɗanda za su tuna wa Bakano cikin birni. Da magariba ana cin kasuwar abinci a lambun Forodhani, inda ake gasa kifi da jatan lande, ana kuma sayar da miyar urojo mai tsami. A gonakin kayan ƙamshi mutum zai ga bishiyar kanumfari da idonsa, abin da yawancinmu a yaji da shayi kawai muka san shi, mutanen Zanzibar kuma suna ce masa karafuu, kalmomin biyu duk daga Larabci. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel.

Zaɓen gaɓar teku ya fi zaɓen otal muhimmanci. A gabas, wato Paje da Jambiani, ruwa yakan janye nesa ƙwarai sau biyu a kowace rana, ya bar fili mai tsiron teku, yayin da a Nungwi da Kendwa da ke arewa ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. Hoton talla ba ya nuna wannan. Haka ma lokacin tafiya: babbar damina, wadda suke kira masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba da Disamba, saboda haka Yuni zuwa Oktoba ne ya fi dacewa. Farashin da ya faɗi warwas a watan Afrilu ruwan sama ne ya kayar da shi.

Wajen shirya wannan tafiya ne kuma aka cuce ni. Wani mai shirya tafiya da na samu a Instagram ya karɓi kuɗin otal na kwana biyar da na biza, ya turo mini takardar shaidar kama ɗaki mai tambari da lamba, amma da na kira otal ɗin da kaina mako guda kafin tashi, suka ce ba su da sunana, lambar kuma ba tasu ba ce. Tun daga ranar ma'aunina na farko ga kowace ƙasa shi ne ko zan iya biyan komai kai tsaye ba tare da ɗan tsakiya ba. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri a shafin hukumar shige da fice, wanda adireshinsa ke ƙarewa da go.tz, a kuma jira amincewa, wadda takan ɗauki makonni. Akwai shafukan bogi masu kama da na hukuma da ke ninka kuɗi, kuma duk wanda ya yi alkawarin fito da biza cikin kwana biyu ya kamata a yi shakkarsa. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar Zanzibar Insurance Corporation ta dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar, kuma ita ma a shafinta ya kamata a biya. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma a yi allurar da gaske, domin katin da aka saya a bayan fage ba ya kare kowa daga cuta.

Bayan an sauka ma ba a tsira ba. Ga wanda ya biyo ta birnin Dar es Salaam na Tanzaniya, a tashar jirgin ruwa, inda tafiya zuwa tsibirin ke ɗaukar kimanin awa 2, 'yan kamasho sukan tare baƙo su ja shi zuwa wani shago su sayar masa da tikiti mai tsada ko na ƙarya, alhali ofishin kamfanin yana nan kusa. A bakin teku akwai samarin da mutanen gari ke kira papasi, ma'ana kaska, waɗanda ke karɓar kuɗin yawon kwale-kwale tun daren jiya sannan da safe a neme su a rasa. Ba a biyan cikakken kuɗi sai an ga kwale-kwalen da rigunan kariya daga nutsewa. Za'afaran mai arha a kasuwa sau da yawa wani fure ne ko kurkum, dutsen ado na tanzanite da ake tallarsa a hannu kuma na iya zama kwalba mai launi, don haka kanumfari da kirfa da masoro sun isa tsaraba. A canja kuɗi zuwa shilin a banki ko shagon canji mai lasisi, a kuma tafi da sababbin takardun dala, domin tsofaffi ana ƙin karɓarsu.

Idan an yi alkawari da direba ko mai kwale-kwale, a tabbatar da irin agogon da yake nufi. Waswahili suna fara ƙidayar awa ne daga fitowar rana, saboda haka wanda ya ce zai zo da saa mbili, wato ƙarfe biyu a lissafinsa, ƙarfe 8 na safe yake nufi.