Takobi, Lambar Soja ko Tsohon Kwabo: Wanne Za Ka Saya a Kurmi?

Wata Asabar na fito daga Kasuwar Kurmi da takobi naɗe a buhu, ina tafe kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Dattijon da ya sayar mini ya rantse da shi aka yi Basasar Kano, rikicin Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893. Kuɗin da na zube masa sun isa ƙaramin ragon layya. Da na isa gida, Kawu, wanda ya shekara da shekaru yana hawan Sallah a zugar wani hakimi, ya zare shi daga kube, ya ɗora ruwan a gwiwa ya ɗan tanƙwara. Ƙarfe ya tsaya a tanƙware, ya ƙi komawa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan ko yaƙin Biyafara bai gani ba. Binne shi aka yi da gishiri."

Tun ranar na koyi toshe kunne idan mai kaya ya fara ba da tarihi. Kayan nake sauraro.

Takobi shi ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi cinye kuɗin mutane a banza. Tsohon takobin ƙasar Hausa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, bakinsa ba shi da tsini sosai, sau da yawa da kwari uku siriri a tsakiyar ruwan. Da yawa daga cikin masu kyau ba a nan aka ƙera ruwansu ba. Daga Turai suka zo, musamman garin Solingen na Jamus, suka ƙetaro Sahara a ayarin raƙuma, maƙeranmu suka sa musu ƙota, dukawa suka ɗinka kube. Shi ya sa za ka ga tambarin jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, ko kyarkeci a guje. Amma kada tambari ya ruɗe ka. Maƙeran nan sun daɗe suna kwaikwayonsa tun zamanin kakanni, domin mai saye ya fi sakin kuɗi idan ya gan shi. Abin dubawa shi ne ƙarfen kansa: nagari idan ka tanƙwara shi ka saki, tsalle yake ya miƙe. Tsufan gaske baƙi-baƙi ne, dabbare-dabbare, kaifin ya zaizaye saboda wasawa. Jar tsatsa da ta rufe ko'ina daidai wa daida, har tana ɓata hannu, ta jiya ce. Sabon kube a kan tsohon ruwa kuwa ba aibi ba ne, fata ba ta kai ƙarfe rai.

Sai kuma abin da dillalai ba sa son a ambata. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa, fita da su waje kuma sai da takarda. Ke nan idan labarin mai kaya gaskiya ne, ka taka doka. Idan ƙarya ne, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Ni dai yanzu, in takobi nake so, wurin maƙeri nake zuwa ya ƙera mini sabo da sifirin na mota, in zaɓi fatar kube da kaina. Kowa ya san shekarunsa, ba a cuci kowa ba.

Sulke ya fi wannan wuyar sha'ani. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Tsohon sulke kowane zobe an ɗaure bakinsa da 'yar ƙusa ƙanƙanuwa, na baya-bayan nan kuwa matse bakin waya kawai ake yi, da farce ma sai ka buɗe. Na gasken kayan gado ne na gidajen sarauta. In an kawo maka shi a buhu da araha, tambayar farko ita ce daga ɗakin wa ya fito.

Lambar soja ta fi sauƙin bincike, in ka san wadda ka riƙe. Dubban samarin Arewa sun yi yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma da Hausa ake magana a bariki. Lambarsu tauraro ce mai tsini shida, ruwan tagulla, da ƙyalle shuɗi mai ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo. Matsalarta, yawanci ba suna a jiki, kuma jabunta ya cika duniya. Saboda haka darajarta tana ga takardar sallama ko littafin albashin mai ita, in an same su tare. Lambobin yaƙin duniya na farko sun fi: a gefensu an buga lambar soja da muƙami da suna da runduna. Akwai kuma ta azurfa mai ɗan maƙale da aka rubuta 1903, wadda Turawa suka raba wa sojojinsu da suka yi yaƙin Kano da Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairun shekarar ne Kanar Molan, jagoran sojojin Turawa, ya shigo birnin Kano, Sarki Alu yana Sakkwato. Ni ban san yadda zan ji ba in na rataye ta a falona, amma kowa da nasa.

Ga mai farawa, shawarata tsofaffin kuɗi. Ba su da tsada, kuma shekararsu na rubuce a jiki. Nemi kwabo mai huji da tauraro da rubutun Larabci, ko anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Aninin 1907 na alminiyom ne, yana cikin kuɗin alminiyom na farko da aka kashe a duniya, in ka ɗora shi a tafin hannu kamar ba komai. Tarko ɗaya ne a nan, dalar azurfa mai kan Sarauniya Mariya Taresa ta Ostiriya. Mai kaya zai nuna maka 1780 ya ce ka ga shekarunta. Shekarar da matar ta rasu ke nan, kuma duk wadda aka ci gaba da bugawa bayan nan, har zuwa zamaninmu, 1780 ɗin aka bari a jiki. Saye ta a farashin azurfa: nauyinta giram 28, akwai rubutu a kewayen gefenta, kuma ba ta kama maganaɗisu.

Wanda zane ya fi burge shi kan yaƙi, ya juya wajen riguna. Saƙi da aka rina a Ƙofar Mata, da aikin aska takwas na allura, ya fi rabin takubban da ke rataye a rumfuna daraja. Juya rigar ka duba ciki: aikin hannu yana da ƙulli da 'yar karkata, na keke sumul yake kamar an buga da injin ɗab'i.

Kafin ka taɓa aljihu, ka ɓata safiya guda a Gidan Makama, ka ƙare wa makaman da ke ajiye kallo har idonka ya saba da launin tsufa. Sannan ka shiga Kurmi da tocila da maganaɗisu, ka fitar da kaya daga duhun rumfa zuwa rana kafin a fara ciniki. In mai kaya ya ce, "Alhaji, wani ma ya taya ɗazu," ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Takobin nawa na Basasa yana nan. Kawu ya karɓe shi, da shi yake tokare ƙofar ɗakin tattabarunsa.