Tsohuwar gitar Yamaha FG ta okaziyo, ra'ayina ga masu son koyo

Salamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayata wace gitar za su saya wa yaro ko su kansu don koyo, to ni dai amsata ita ce ku nemi tsohuwar Yamaha FG ta hannu, ku ƙyale sababbin nan masu fenti ja da shuɗi da ke ƙyalli cikin leda. Tawa FG-160 ce, a nan Yamai na same ta wurin wani mai kayan okaziyo da ake kawowa ta Kwatano, jika 40 muka daidaita bayan doguwar jayayya, duk jikinta karce ne, har da sitika ta wani bature da ban iya ɓanɓarewa ba har yau.

Kamfanin Yamaha ya fara fitar da jerin FG ɗin nan a 1966 a Japan, da yawa cikin na farkon idan ka leƙa ramin ciki za ka ga jar takarda an rubuta Nippon Gakki (tsohon sunan kamfanin), daga baya cikin shekarun 1970 aka koma ƙera su a Taiwan. Masu jar takardar yanzu sun yi tsada don turawa na farautarsu, mai koyo babu ruwansa da su, ta Taiwan ma ta isa wallahi.

Abin da ya sa nake yabonta shi ne iskar garinmu. Yawancinsu da kontirplake aka yi su, falle-falle aka manne, su masana suna raina hakan wai sautin bai kai na katako guda ba, to amma mu nan da hunturu ke busar da komi sannan zafin Afrilu ya zo ya haura digiri 40, katako guda tsagewa yake, ita ko wannan ko gezau. Kuma in ka ɗaure tsirkiya ta zauna, ba kamar sabuwar da maƙwabcina ya saya wa ɗansa ba, kafin yaron ya gama akor (haɗin sauti) biyu ta kwance, yanzu tana rataye a bango tana shan ƙura. Sautin kuma yana da kauri, irin kiɗan Buzaye na Agadas da Abalak yana fita da daɗi sosai a kanta.

Amma fa ba duka ke da lafiya ba, kar a cuce ku. Ciwon tsofaffin nan a wuyan gitar yake, shekara hamsin tsirkiya na jan sa sai ya ɗago. Ka duba tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan, in ta wuce milimita 3 da yawa yatsun mai koyo za su sha wuya har ya tsani abin, kuma gyaran wuyan Yamaha aiki ne babba, ba kowane kafinta zai taɓa ba, a bar ta kawai ko da araha ce. Ka duba gadar da ke riƙe tsirkiyoyi ko ta fara ɗagowa, ka murɗa makullan shida ɗaya bayan ɗaya. Karce da tsufan fenti kam ba komi ba ne, ma taimaka maka za su yi wurin ciniki.

Yaro ƙarami kuma FG ta yi masa girma, a nema masa mai tsirkiyar nailan irin G-55 ko C40, ta fi taushi a yatsa. Ranar da ka saya ka canza tsirkiya duka da marasa kauri, masu lamba 10 ko 11, kuma kar ka bar ta cikin mota da rana.